Kwana biyar a jirgin iska tsakanin tsibiran Lamu

Ni ne na tsara jadawalin tafiyar, har na buga shi kwafi huɗu. Ranar farko kaza, ta biyu kaza, ƙarfe nawa za a tashi, ƙarfe nawa za a isa. Mu huɗu ne, abokai tun makarantar kwana: ni, da Likita, da Malam, da wanda muke ce wa Auta duk da furfurar da ta fara cin gemunsa. A cikinmu babu wanda saninsa da ruwa ya wuce kwalekwalen fito.

Cikin watan Janairu jirgin sama ya sauke mu a tsibirin Manda, a gaɓar tekun arewacin Kenya. Daga nan sai an haye ruwa kafin a shiga tsohon garin Lamu, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Lungunansa ba sa ɗaukar mota, jakai ne ke dakon yashi da siminti. Malam ya duba ya ce kamar an ɗauko cikin birnin Kano an ajiye a bakin teku.

Jirgin da muka ɗauka haya na katako ne, ƙirar hannu, da itace guda a tsaye da ƙaton ƙyalle mai kusurwa uku da suke kira tanga. Shugaban jirgi kuwa nahoda ake ce masa. Namu dattijo ne marar yawan magana, da yaransa biyu. Na miƙa masa jadawalina, ya duba, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce gobe "saa moja". Auta, wanda ya haddace ƙirgan Suwahili a jirgin sama, ya ce ƙarfe ɗaya ke nan, sai mu sha barcinmu. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i, saa moja ƙarfe bakwai ne na safe. Kafin yaron jirgi ya gano masaukinmu, mu yi wanka, mu karya, ruwa ya janye, jirgi ya kwanta a kan laka kamar saniyar da ta ƙoshi.

A ranar na fara gane wanda ke riƙe da agogo. Sau biyu ruwa ke cikowa a yini da dare, sau biyu ya janye, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Idan wata ya cika ko yana sabo, cikowar ta fi ƙarfi. Mashigai da yawa a tsibiran nan ƙananan hanyoyi ne cikin kurmin mikoko, itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, ba sa shiguwa sai ruwa ya cika. Da tun a gida na duba kwanan wata da lokutan cikowar ruwa, da ban ɓata tawada ba.

Sai washegari muka shiga Takwa, kangon wani gari a Manda da aka gina da dutsen murjani. Mutanensa sun watse ne tun wajen ƙarni na 17, bayan ruwan rijiyoyinsu ya koma gishiri. Masallacin yana nan da ginshiƙi dogo a saman bangon alƙibla. Azahar ta same mu a wurin, Likita ya yi alwala ya juya ya kalli gabas, kamar yadda muka saba tun muna yara. Nahoda ya kamo kafaɗarsa ya juya shi arewa. Daga Lamu, Makka kusan saitin arewa take. Mun jima muna dariya, don a bakinmu gabas da alƙibla abu ɗaya ne, ba mu taɓa raba su ba.

Wahalar ta fara ne bayan mun ratsa Mkanda, siririn mashigin da ke tsakanin Manda da babban yankin ƙasa, muka fito fili. Daga Disamba zuwa Maris iskar kaskazi ke kaɗawa daga arewa maso gabas, mu kuma can muka nufa, Kiwayu, tsibirin da na fi ɗokin gani. Jirgin iska ba ya tunkarar iska gaba da gaba, sai dai ya riƙa karkata, ya yi dama ya yi hagu. Kowace juyawa aiki ce: a sassauta igiya, a kewayo da doguwar sandar tanga ta ɗaya gefen, a sake ɗaurewa, mu kuma a ce mu kwashi jiki mu koma ɓangaren da iska ke bugowa. Awa uku muna wannan, bishiyar kuka guda da ke bakin gaɓa ba ta ɓace mana ba.

Likita ne ya fara amai. Shi da ya raba mana ƙwayar hana jiri, ya manta bai sha tasa ba sai da cikinsa ya juya, lokacin kuwa ta makara. Yaron jirgi ya ce ya daina kallon ƙafafunsa, ya kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa. Ya ɗan samu sauƙi.

A nan rigima ta tashi. Na ce a tayar da inji. Nahoda ya ce man da ke jarka na shiga mashigi ne da na ko-ta-kwana, ba na Kiwayu ba. Na ce ai mun biya. Gaskiya kuwa mun biya kuɗin jirgi da abinci, amma ba wanda ya ta da zancen mai a lokacin ciniki, laifina ne. Malam ya ce, "Alhaji, ka bar mutumin nan ya yi aikinsa. Kai ko iyo ba ka iya ba." Maganar ta yi mini zafi don gaskiya ce. Na koma gaban jirgi na zauna ina kumbure-kumbure, sai dai fushi a jirgin da tsawonsa bai fi taku goma sha biyu ba wahala ne. Duk inda ka juya, gwiwarka na taɓa ta wanda kake fushi da shi. Kafin la'asar Auta ya miƙo mini gasasshen kifi da shinkafa dafin kwakwa, magana ta wuce.

Kiwayu dai ba mu je ba. Muka kwana a gefen Manda Toto, wani ɗan tsibiri da ba kowa a kansa, kuma daren nan shi ne abin da na fi tunawa a tafiyar duka. Ba fitila, ba ƙarar janareta, taurari har bakin ruwa. Idan ka sa hannu a teku ka motsa, sai wasu ƙananan halittu su yi ta walƙiya kamar tartsatsin wuta. Malam da nahoda suka raba dare suna hira da guntun Larabci, mu muna tsintar kalmomin da muka gane: sabuni, alhamisi, habari, dunia.

Da safe aka gano mun kusa cinye ruwan sha. Jarka huɗu aka ɗauko, mu kuwa muna ta alwala da wanke ƙafa da shi kamar muna gindin famfo. Malam ya tuna mana hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, daga nan alwala ta koma ta guga da igiya. A safiyar ce kuma Auta ya sauka ba takalmi ya taka wata halitta mai ƙaya kamar bushiya, Likita ya samu aikin yi. Ni ma na sha tawa: na ƙi shafa man kariya don wai baƙar fata ba ta ƙuna, kwana biyu bayan wuyana na saɓa. Rigunan ceto kuwa sai a rana ta uku na tambaya, aka zaro su daga ƙarƙashin buhun gawayi. Sun cika shida da ƙyar, biyu igiyarsu ta tsinke. Yanzu ko kwalekwale zan shiga, sai na gani da idona kafin in ba da kuɗi.

Mun leƙa tsibirin Pate, muka ga ganuwar garin Siyu ta ƙarni na 19, muka sayi ruwa, muka juyo. Dawowa iska na bayanmu. Tanga ta cika ta yi tumbi, jirgi na tsaga ruwa ba ƙarar komai sai kukan igiya, tafiyar da ta ci mana yini muka yi ta kafin azahar. Nahoda ya ba ni sandar tuƙi na riƙe na ɗan lokaci, hannunsa na kusa da nawa. Da zai hura gawayin shayi, sai na ga ya laluba aljihu ya ciro jadawalina ya kunna da shi.

Magariba muka yi a masallacin Riyadha da ke garin Lamu. Ina yin ruku'u na ji tabarma ta karkata hagu, na dafe gwiwa da ƙarfi. Ta gefen ido na hango Likita shi ma yana tangaɗi a sahu.