Fatsa a Kan Kayak: Abin da Mai Koyo Zai Fara Sani

Na yi shekaru ina fatsa daga gaɓa kafin in taɓa shiga ɗan kwalekwalen da ake kira kayak, saboda haka na ɗauka abin da ya rage mini bai wuce in zauna in tuƙa ba. Ranar da na fara fita na loda sandunan fatsa uku, da akwatin ƙugiyoyi biyu, da tarkacen da ko a tudu ba na amfani da rabinsu. Ban yi awa guda a kan ruwa ba ƙugiyata ta maƙale a wani kututture da ke nutse, sai na karkata gefe na ja da ƙarfi kamar yadda na saba yi idan ƙafafuna suna kan ƙasa. Zaren ya tsinke, ni kuma na tsinci kaina a cikin ruwa, jirgin yana kife a kusa da ni. Allah ya taimake ni wurin ba shi da zurfi, domin ruwan bai wuce ƙirjina ba, amma akwati ɗaya da filaya da sanda ɗaya suna can har yau. Daga ranar na fahimci cewa wanda ya iya fatsa bai iya fatsa a kan kayak ba sai ya san jirgin tukuna, kuma duk abin da zan faɗa a nan a kan wannan fahimtar ya ginu.

Kayak ɗan siririn kwalekwale ne na mutum ɗaya, wanda ake tuƙawa da filafili mai baki biyu, a tsoma dama a tsoma hagu. Asalinsa na mutanen Inuwit ne da maƙwabtansu na yankunan ƙanƙara a Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, waɗanda suke ɗinka fatun dabbobin teku a kan ƙirar itace ko ƙashi, su fita farauta da shi. Na zamani yawanci da roba mai ƙwari ake zuba shi, kuma iri biyu ne. Akwai wanda ake shiga cikinsa ƙafafu su ɓuya, akwai kuma wanda ake zama a bisansa, cikinsa a rufe ruf, yana da 'yan ramuka a ƙasa waɗanda ruwan da ya fantsamo yake tsiyayewa ta cikinsu. Ga mai koyon fatsa na biyun nake zaɓa ba tare da wani dogon tunani ba, domin idan ya kife ba ya cika da ruwa, juya shi kawai za a yi a sake hawa, sannan yana ba mutum sararin motsa ƙafafu da ajiye kaya.

Wajen girma, wanda tsawonsa ke tsakanin mita 3 da mita 4, faɗinsa kuma santimita 75 zuwa 90, ya ishi mai koyo a tafki ko kogi mai kwanciya. Ƙa'idar ita ce, dogo siriri ya fi gudu kuma ya fi tafiya a miƙe, gajere mai faɗi ya fi tsayuwa daram kuma ya fi sauƙin juyawa, sai dai yana gajiyar da hannu idan tafiyar ta yi nisa. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne nauyi, ta fuska biyu. Kowane kayak yana da iyakar nauyin da masu ƙera shi suka rubuta, kuma hikima ita ce jimlar nauyin mutum da kayansa kada ta wuce kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na wannan adadi, in ba haka ba jirgin zai zauna can ƙasa cikin ruwa, ya yi nauyin tuƙi, ruwa ya riƙa ɓullowa ta ramukan tsiyaya. Sannan shi kansa jirgin yakan kai kilo 25 zuwa 45, kuma mutum zai ɗauke shi ne daga mota zuwa bakin ruwa, ya kuma mayar da shi bayan ya gaji. Jirgin da mai shi ba ya iya ɗagawa shi kaɗai, a gida yake ƙarewa. Akwai masu feda da ake tuƙawa da ƙafa, irin wanda kamfanin Hobie ya fito da shi a 1997, suna barin hannuwa biyu ga fatsa, amma sun fi nauyi, kuma ban ga dalilin da zai sa mai koyo ya fara da su kafin ya iya filafili ba.

Rigar kariya daga nutsewa sawa ake yi, ba ajiyewa a bayan kujera ba. Na sha jin masu cewa ai sun iya iyo, amma iyo da tufafi da takalmi, ga zare ya naɗe ƙafa, ga jirgi iska tana ja da shi, daban yake da iyon da aka shirya wa. Haɗarin ya fi tsanani a ruwan sanyi, domin ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 a kan yadda iska take yi, kuma idan sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salsiyos, faɗawa cikinsa kwatsam tana sa mutum ya ja numfashi ba da sonsa ba, wanda idan kansa yana ƙarƙashin ruwa a lokacin, ruwan zai shaƙa. Bayan 'yan mintoci kuma yatsu da hannuwa sukan daina yin abin da aka umarce su. Shi ya sa sanyin ruwan ake dubawa wajen zaɓen tufafi, ko da rana tana ƙwallewa a sama. Akwai riguna da aka ɗinka musamman don masu fatsa, masu aljihuna a gaba, waɗanda soson bayansu yake can sama don kada ta tokari kujera.

Shawarata da ba kowa yake so ba ita ce, fita biyu ko uku na farko a bar sandar fatsa a gida. A nemi wuri marar zurfi, marar iska, tare da wani a kusa, a zauna a jijjiga jirgin da ƙugu don a ji inda yake tsayawa da inda yake sallamawa. A nan ne mutum zai gane babbar ƙa'idar kayak, wato inda kai ya nufa can jiki yake bi. Muddin kan mutum yana daidai tsakiyar jirgin, ƙugu zai iya karkata dama da hagu ba tare da an kife ba, amma da zarar kai ya leƙa waje, don ɗauko hular da ta faɗi ko don kallon kifi, an kama hanyar wanka. Idan ana son ɗauko wani abu a baya, ba a murɗa jiki a miƙa hannu, juyawa ake yi a zauna a gicciye, ƙafafu biyu suna reto a cikin ruwa, sannan a ɗauko.

Daga nan sai a kifar da jirgin da gangan. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma sake hawa kayak daga ruwan da ƙafa ba ta taɓa ƙasa abu ne da yake da wuya a karon farko, ya zama mai sauƙi a karo na biyar. Idan an juya jirgin ya koma daidai, sai a tsaya a gefensa saitin kujera, a bar ƙafafu su taso saman ruwa ta baya kamar mai iyo, a kama ɗaya gefen, a harba ƙafafu a ja jiki har cibiya ta hau tsakiyar jirgin. Sai a ɗan huta a haka, sannan a mirgina a zauna, a shigo da ƙafafu daga ƙarshe. Kuskuren da kowa yake yi shi ne ƙoƙarin hawa a tsaye kamar mai haura katanga, wanda ba abin da yake jawowa sai jirgin ya sake kifowa a kansa.

Tuƙi kuwa da gangar jiki ake yin sa, ba da damatsa kaɗai ba. A tsoma bakin filafili kusa da yatsun ƙafa, a juya kafaɗu da ƙugu, a fitar da shi idan ya iso saitin ƙugu, ƙafa tana tokare da matakinta. Saboda faɗin kayak na fatsa da tudun kujerarsa, filafilin da ya dace yakan kai santimita 230 zuwa 260.

Iska ita ce abokiyar gabar mai kayak, fiye da zurfin ruwa nesa ba kusa ba. Matsakaicin gudun da mutum zai riƙe yana tuƙi bai wuce kilomita 4 zuwa 5 a awa ba, kuma jirgin da yake zaune a saman ruwa kamar ƙwarya, iska ba ta sha wahalar tura shi. Ni dai idan hasashen yanayi ya nuna iska za ta wuce kilomita 15 zuwa 20 a awa, ba na ba mai koyo shawarar fita, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mafi yaudara ita ce iskar da take busowa daga gaɓa zuwa tsakiyar ruwa, domin a bakin ruwa komai yana kwance lumui, tafiya tana daɗi, sai an juyo za a dawo a tarar ana tuƙi gaɓa tana ƙara nisa. Dabarar ita ce a fara tafiya ana fuskantar iska ko gudun ruwa lokacin da ƙarfi yake cike, domin su turo mutum gida bayan ya gaji. Idan raƙuman ruwa suka taso, ko wani jirgi mai inji ya wuce ya bar igiyarsa, a juya goshin kayak a fuskance su, kada a bari su bugi gefe.

Idan aka zo ga fatsar kanta, sanda ɗaya ta isa, biyu kuma iyaka ce. Tsawon da na fi so shi ne kimanin mita 2, saboda idan kifi ya ratsa ta ƙarƙashin jirgi zuwa ɗaya gefen, ana iya zagayo da kan sandar ta goshin jirgin ba tare da an tashi ba. Ƙaramin akwatin ƙugiyoyi guda, filaya, wuƙa a maƙale a jikin rigar kariya, 'yar raga mai gajeren mariƙi, da ruwan sha, shi ke nan. Duk abin da ba ya yawo a saman ruwa a ɗaure shi, musamman filafili, domin wanda filafilinsa ya tafi ya zama kara a kan ruwa. Sai dai kada igiyoyin su yi yawa, tunda kowace igiya tana iya naɗe mutum idan jirgi ya kife, kuma wannan ne amfanin wuƙar.

Abin da kayak ya fi kowane jirgi da shi shi ne shiru. Yana shiga cikin ciyayi da ƙarƙashin rassan da suka sunkuyo, da wuraren da ruwa bai kai gwiwa ba, inda mai inji ba zai kusanta ba. Amma cikinsa kamar ganga yake, kuma sauti yana tafiya cikin ruwa fiye da ninki huɗu na saurinsa a iska, saboda haka ajiye filafili da ƙarfi ko faɗuwar filaya ya isa ya watsa kifin da aka sha wahalar lallaɓowa. Nakan daina tuƙi tun daga nesa in bar jirgin ya silale da kansa, filafili a kwance a kan cinyata. Jifa kuma daga zaune ake yi, gajere, ta gefe, kuma ya fi kyau a saita goshin jirgin wajen da za a jefa, domin ko jan ƙugiya mai nauyi yana iya juya kayak a hankali.

Batun anga, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa don ya tsayar da jirgi, yana bukatar taka-tsantsan. Ƙaramar anga mai kilo ɗaya da rabi ta wadatar a ruwa mai kwanciya, da igiyar da ta ninka zurfin wurin aƙalla sau uku. Ba a taɓa ɗaure ta a gefen jirgi inda ruwa yake gudu, domin ruwan zai danne wannan gefen ya kifar da jirgin cikin ƙiftawar ido. Igiyar ta fita ta goshi ko ta baya, kuma a ɗaure ta yadda za a iya sakinta da hannu ɗaya. A wuri marar zurfi, doguwar sanda da za a kafa a laka ta fi anga sauƙi, mai koyo kuwa gara kada ya yi amfani da anga ko kaɗan a kogi mai ƙarfi.

Ranar da babban kifi ya kama, abin mamaki na farko shi ne jirgin zai fara tafiya. Wannan ba abin tsoro ba ne, jan jirgin ma yana gajiyar da kifin. A sassauta birkin manaɗin zare fiye da yadda aka saba a tudu, a riƙe kan sanda yana kallon goshin jirgi domin kifin ya ja ta tsawo, kada ya ja ta gefe. Idan ya gaji ya matso, kada a naɗe zaren har ƙarshe, a bar kimanin tsawon sandar, sannan a ɗaga ta baya da hannu ɗaya, kifin zai zo gefen jirgi da kansa, a tare shi da raga ba tare da an leƙa ba. A tuna cewa cinyar mutum ce za ta karɓi baƙon, saboda haka kifi mai ƙaya, ko wanda yake fizge-fizge da ƙugiya mai baki uku a bakinsa, a cikin raga ake cire masa ƙugiya da filaya. Maƙalewar ƙugiya kuwa, wadda ta kayar da ni, maganinta shi ne a tuƙa a koma ta bayan inda ta maƙale a girgiza zaren, in ta ƙi a yanke.

Saura abubuwan da ake yi tun kafin a taɓa ruwa. A faɗa wa wani inda za a shiga da lokacin da ake sa ran fitowa, a sa waya a jakar da ruwa ba ya shiga a ajiye ta a jiki, ba a cikin jirgi ba. Kayak yana ƙasa ƙwarai, masu manyan jirage ba sa hango shi da wuri, don haka tuta mai haske a kan dogon sanda, da usur, da farar fitila idan za a kai duhu, duk suna da amfani. A nisanci madatsun ruwa ta sama da ta ƙasa, ko da ƙanana ne, domin ruwan da yake zubowa yana yin juyi a gindinsu wanda yake riƙe jirgi da mutum. Ƙasashe da yawa suna bukatar lasisin kamun kifi, suna kuma da doka a kan girman kifin da za a ɗauka da lokutan da aka hana su, saboda haka a bincika dokar wurin. Idan aka ji tsawa, ko da daga nesa ne, a kwantar da sandunan fatsa a nufi gaɓa mafi kusa, ba lallai sai wadda aka shiga ta nan ba.