Sai a zuwa na uku Stourhead ya ba ni hoto

Jama'a, yau dai sai ku yi haƙuri da ni, domin zan ɗan yi fariya. Hoton nan na tafkin Stourhead da na dame ku da kukansa tun watan Yuni, ya fito. Alhamdulillahi. Tun jiya da dare nake buɗe shi ina rufewa kamar wanda aka yi wa sabon ɗinki.

Wanda bai san wurin ba, wani tsohon gidan attajirai ne a yankin Wiltshire na Ingila, na iyalan Hoare masu banki. Henry Hoare na biyu shi ya tare ruwan kogin Stour ya yi tafki, ya jera gine-gine irin na Rumawa a gefensa, ciki har da Pantheon, wani gini mai ƙubba da ginshiƙai da Henry Flitcroft ya zana, wanda aka gina a 1753 zuwa 1754. Tun 1946 wurin yake hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi. Hoton da kowa yake nema guda ɗaya ne: ka tsaya kusa da Bristol Cross (wata doguwar tsohuwar alama ta dutse da ke wurin), gadar dutse mai baka biyar tana gabanka, ruwa a tsakiya, Pantheon can tsallake. Ka ga abin a kati, ka ce ai ko yaro ya ɗauka.

To ni sau biyu ina dawowa da sama fara fat. Zuwan farko na isa bayan azahar, na auna haske a kan itatuwa, sama ta ƙone ƙurmus, ko RAW, ɗanyen fayil ɗin kyamara da ake gyarawa daga baya, bai ceto komai ba. Na auna a kan sama, itatuwa suka koma baƙi ƙirin, da na ɗago haskensu a Lightroom, manhajar gyaran hoto, sai ga tsakuwa-tsakuwa kamar garin rogo. Na ce to matsalar kayan aiki ce. Na sayi filtar nan mai rabin duhu, da mariƙinta, fam 48, kuɗin da har yanzu in na tuna sai na ji zafi. Ba ta yi mini komai ba a wurin nan. Ita tana son layin sama miƙaƙƙe, irin na bakin teku, nan kuwa itatuwa ne dogaye suke cusa kai cikin sama ta ko'ina. Sai ga kawunan itatuwa sun yi duhu, gindinsu da haske, ga wani ja-ja da filtar ta zuba wa gajimare saboda mai araha ce.

Zuwa na biyu na gwada ɗauka uku-uku, mai duhu, matsakaici, mai haske, in haɗa a gida. Iska tana kaɗa ganye, agwagi suna yawo a ruwa, haɗin ya fito da agwagwa mai kai biyu. Filtar folaraiza kuma, mai rage ƙyalli, na murɗa ta har ƙarshe don ganye su yi kore sharr, ashe na kashe inuwar ginin a cikin ruwa, abin da ya kawo ni ke nan. Ranar ban yi wa kowa magana a jirgin ƙasa ba.

Abin da ya warware min shi ne taswira, kuma kunyar faɗi nake ji. Ina duba ta wata rana sai na lura ƙofar Pantheon gabas take kallo. Wato duk wanda ya tsaya wajen gada da yamma, rana yake fuskanta, ginin yana cikin inuwar kansa, sama a bayansa tana ƙuna. Wata huɗu ina faɗa da wannan, ina zargin kyamara. Da safe rana tana bayanka, tana haska ginshiƙan, tazarar da ke tsakanin hasken sama da na ƙasa ta ragu sosai.

Saboda haka wannan karon na kwana a Gillingham, wani gari kusa da wurin, na ɗauki tasi da sassafe (wannan ma ya ci aljihu), ina cikin na farko da suka shiga. Ƙarshen Oktoba, ganye sun yi ja da ruwan ɗorawa, ruwa kwance luf ko motsi babu. Lambun a cikin kwari yake, don haka sai da na jira rana ta hau tudu, hannuna har ya sandare. Na tsuke idon kyamara zuwa f/8, ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 100, kyamara a kan ƙafa uku, na matsa histogiram (zanen da ke nuna yawan haske a hoto) dama, ɓangaren haske, har gab da bango ban bari ya taɓa ba. Folaraiza ɗan murɗi kaɗan, daidai inda ƙyallin ganye ya kwanta amma inuwar ginin tana nan. Ku tuna tana cin haske kusan mataki ɗaya da rabi, wato fiye da rabin hasken.

Sai dabara ta ƙarshe, wadda ita na fi alfahari da ita: na yanke sama kusan gaba ɗaya, na bar ɗan siriri a can sama, na sauke kyamara na bar ruwa ya nuna min sauran. Saman da ke cikin ruwa ta fi ta ainihi duhu, shuɗinta yana nan, gajimarenta yana nan. Ɗauka ɗaya, ba haɗi. Ƙarfe goma da 'yan mintuna iska ta taso, ruwa ya hargitse, jama'a suka cika gefen gada.

Cikin gidan ban yi abin kirki ba. Ba a kunna filasha, labule a sauke don kada rana ta ci kaya, ISO 3200 kawai na hau na ɗauki ɗakin karatu na fito. Niyyata ta zuwa Hasumiyar Alfred, da ke can wani gefe na filin gidan, ma ta sha ruwa, ƙafa ta ƙi.

Wanda ya rage yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kogon nan na bakin tafki. Kana ciki duhu, kana leƙen gada ta bakin dutse, waje haske kamar farar takarda. Na ɗauki goma sha bakwai, babu na nunawa. In akwai wanda ya taɓa cin nasarar irin wannan ba tare da haɗi ba, don Allah ya faɗa min a kan me ya auna haskensa.