Kilomita 600 a Motar Shekarar 1972

Ranar da aka ce in kai akwatunan takardun aiki guda huɗu wani birni mai nisan kimanin kilomita 600, abokin aikina ya dube ni ya ce, "Malam, da wace motar za ka?" Ya san amsar, domin shekara shida ke nan yana ganina ina shigowa ofis kowace safiya da MGB GT ƙirar 1972, kuma ba ni da wata motar bayanta. Da ita nake zuwa aiki, da ita nake sayayya, saboda haka ban ga dalilin da zai sa in yi hayar wata don tafiyar yini guda ba.

An fara ƙera MGB a 1962 a garin Abingdon na Ingila, aka ci gaba har 1980, kuma adadin da aka ƙera ya haura rabin miliyan. Samfurin GT, mai rufin ƙarfe da ƙofar baya da ake ɗagawa sama, ya fito a 1965, kuma kamfanin Pininfarina na Italiya ya sa hannu a zanensa. Wannan ƙofar baya ita ce ta mayar da motar tsere abar amfanin yau da kullum. Kujerar bayanta ƙarama ce ƙwarai, ko yaro ba zai daɗe a kanta ba tare da ƙorafi ba, amma idan aka kwantar da ita sai fili ya samu. A nan na jera akwatuna uku, na huɗun kuma na ɗaure shi da bel a kujerar gaba.

Shirin tafiyar ya ci mini yammaci guda. Na duba baƙin mai da ruwan lagireto, na taɓa fanbel don in ji ƙarfinsa, na ɗiga mai a kan kafireta biyun da injin ke da su, sannan na shiga ƙarƙashi na ɗura giris a gaɓoɓin ƙafafun gaba, aikin da ake so a yi duk bayan kimanin kilomita 5,000. Na ɗaga murfin da ke bayan kujeru na duba batura biyu masu bolt shida-shida, waɗanda aka haɗa su ba da sha biyu. A jakar kayan aiki na sa sifana, da sukundireba, da fulogi huɗu, da fanbel na ajiya, da galan ɗin ruwa. Abu ɗaya na tsallake ina sane, wato famfon mai, wanda ya yi mako uku yana yi mini jinkiri da safe, ni kuma ina ta cewa sai ƙarshen mako.

Na tashi da asuba. Mai irin wannan mota ba ya murɗa makulli ya tafi kawai: yakan buɗe wuta, ya saurari famfon mai yana ƙas-ƙas-ƙas da sauri har ya lafa, alamar kafireta sun cika, sannan ya ja cok, wato abin da ke ƙara wa injin mai idan yana sanyi, ya tayar. Allurar matsin baƙin mai ta hau wurin da ta saba, na ba injin minti biyu ya ɗumama, na kama hanya.

Sa'o'i ukun farko su ne ladan duk wahalar da motar ke ba ni. Injin mai silinda huɗu ne, girmansa 1798cc, ƙarfinsa kuwa bai wuce na doki 95 ba, abin da ƙaramar motar zamani za ta raina. Sai dai nauyin motar bai fi tan guda da 'yan kai ba, kuma direba na zaune ƙasa-ƙasa dab da kwalta, don haka gudun kilomita 90 a cikinta ya fi gudun 130 a wata motar daɗi. Sitiyarin babu na'urar da ke sassauta shi, yana da nauyi wajen fakin, amma da zarar tayoyi sun fara juyawa sai ya yi sauƙi, kuma duk abin da ke kan hanya, ko ɗan tsakuwa ne, mutum zai ji shi a tafin hannunsa. Giyarta huɗu ce, da ƙarin wata da ake kunnawa da maɓalli a kan ta uku da ta huɗu. A gudun kilomita 110 wannan maɓalli yana sauke juyin injin daga kusan 3,900 a minti zuwa kusan 3,200, kuma in ba don shi ba, ƙarar injin kaɗai ta isa ta sa mutum ya fasa doguwar tafiya.

Abin da ba na wasa da shi shi ne manyan motoci. Tsayin rufina da kaɗan ya fi tsayin tayar tirela, kuma direbanta na iya duba madubi bai gan ni ba sam. Motar ba ta da jakar iska, birkinta kuma na faifai ne a gaba da na ganga a baya, ba tare da na'urar hana tayoyi kullewa ba. Saboda haka nakan kunna fitila ko da rana tsaka, in bar tazara ninki biyu na wadda zan bari a sabuwar mota, kuma ba na wuce tirela sai na ga hanya fayau. Wanda ya ce tsohuwar mota ta fi sabuwa kariya don ƙarfenta ya fi kauri, son zuciya ne ya faɗa.

Wajen tsakar rana na shiga cunkoso a bakin wata gada da ake gyara. Fankar injin da fanbel take juyawa, wato idan mota na tsaye ita ma a hankali take tafiya, daidai lokacin da aka fi bukatarta. Ina kallo allurar zafi ta fara hawa. Na yi abin da masu irin waɗannan motoci suka daɗe suna yi, na kunna na'urar ɗumama ɗaki har ƙarshe domin ta janye wani zafin daga ruwan injin, na buɗe gilasai duka. Allurar ta tsaya, ni kuwa rigata ta jiƙe sharkaf, ga kuma zafin da ke tasowa daga akwatin giya yana gasa mini ƙafa.

Bayan gadar da kimanin awa ɗaya, a kan wata doguwar hawa, injin ya yi tari sau biyu, ya ja da ƙyar, ya mutu. Na gangara gefen hanya, na kashe wuta na sake buɗewa, na kasa kunne. Shiru. Babu ƙas-ƙas ko ɗaya, kuma nan take na san laifin wane ne, domin wanda ya ji gargaɗi mako uku ya yi biris ba shi da bakin zargin mota. A cikin famfon akwai wasu ƙananan ƙarafa biyu da ke haɗuwa suna rabuwa don su ba shi wuta, kuma idan suka yi datti sai su maƙale. Na shimfiɗa tsumma, na kwanta kusa da tayar baya ta dama inda famfon yake.

Ina nan kwance sai wani dattijo ya tsayar da motarsa a bayana, ya sauko yana yi mini sannu. Da ya ga sifana a hannuna ya yi dariya ya ce, "Ɗana, da ƙotar za ka buga, kuma a hankali." Na ce, "To, Baba." Na ƙwanƙwasa jikin famfon sau biyu, sai ga shi ya ɗauka da sauri kamar mai biyan bashi. Dattijon ya ce ya riƙe irinta yana saurayi, kuma a ganinsa ajiya ce ke kashe su. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Motar da ke yin wata uku a gareji, robobin birkinta kan bushe, mai ya lalace a kafireta, musamman fetur ɗin yanzu da ake gauraya shi da itanol mai jan danshi, batir ya mutu, tsatsa kuma ta yi ta cin ƙasan ƙofofi babu mai gani. Wadda ake hawa kullum kuwa, duk ciwon da ya kama ta yana fara bayyana ne da ɗan canjin sauti, kuma mai ita yana ciki zai ji.

Famfon ya sake tsayawa sau ɗaya kafin in isa, na sake kwanciya na buga shi, wannan karon cikin minti uku. Na shiga birnin rana na gab da faɗuwa, awa biyu bayan lokacin da na yi alkawari, bayana na ciwo, kunnuwana na amo, hannuna duk baƙin mai. Matashin da ya karɓi akwatunan ya zagaya motar sau biyu, ya tambaye ni ko ta biki ce da nake fitowa da ita lokaci-lokaci. Na nuna masa ma'aunin tafiya, wanda ya riga ya cika ya koma sifili tun kafin ta zo hannuna.

Washegari ban kama hanyar dawowa ba sai da na ciro famfon a wurin fakin, na goge ƙarafan nan da takarda mai laushi har suka yi haske, na mayar. Bai ƙara tsayawa ba har gida. Ranar Asabar na sa sabbin ƙarafa a famfon, ranar Litinin kuma ƙarfe takwas saura na ajiye ta a gaban ofis, abokin aikina na tsaye a bakin ƙofa yana leƙen ƙarƙashinta ko zai ga ɗigon mai. Ya gani, ɗigo biyu, kamar kullum.