Keke da tafiyar ƙasa a Yamai: abin da na gaya wa wani baƙo

Lokacin da aiki ya dawo da ni Yamai daga Tawa, na ɗaure kekena a saman mota na taho da shi, ina zaton zan ci gaba da harkokina a kansa kamar yadda na saba. Ban yi mako guda ba na gane cewa an shimfiɗa birnin nan ne domin mai mota da mai babur. Unguwanni sun yi nisa da juna, kuma gadojin saman da aka gina, ta Mali Bero a 2013 da ta Diori Hamani a 2018, direba suka sauƙaƙa wa tafiya. Mai keke kuwa ban ga inda aka ware masa ko taƙi ɗaya ba. Makon jiya wani ƙanen abokina da ya sauka garin ya tambaye ni inda mutum zai motsa jiki, shi ya sa na rubuta wannan.

Wahalar mai keke a nan iri biyu ce. Idan ya hau kwalta, yana tsakanin faba-faba, wato ƙananan bas-bas na haya, da tasi, wadda direbanta ke iya cin birki ba shiri da zarar wani ya ɗaga hannu ya ambaci unguwa. Idan ya sauka gefe domin tsira, yashi ya riƙe ƙafar keken, tsidau kuma ya huda ta. Akwai ta uku da ba a cika faɗa ba, wato idon mutane. Ranar da na fara zuwa wurin aiki a keke, mai gadi ya dube ni da tausayi ya ce, “Malam, babur ɗin ne ya lalace? Allah ya kawo sauƙi.” A ganinsa mai albashi ba ya tuƙa keke sai dole.

Abin da ya daidaita ni da garin shi ne kogin Kwara da kuma sammako. Bayan sallar asuba, kafin motoci su fito, hanyar bakin kogi ta Yantala da ta Gamkale takan zama kamar ta wani gari dabam: masu lambu suna ban ruwa ga salati da kabeji, masunta suna tura kwalekwale, iska mai ɗanɗanon laima tana kaɗawa. Lokacin sanyi ya fi daɗi, domin a watannin Disamba da Janairu ne ruwan da ya taso daga ƙasar Gini ke isowa, kogin ya cika ba tare da an ga ko ɗigon ruwan sama ba. A Afrilu da Mayu kuwa, sa’ad da zafi ke haura digiri 40, wanda bai koma gida kafin ƙarfe takwas ba ya sayo wa kansa wahala.

Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ƙunci gare ta, don haka nakan sauka in tura keken har Harobanda da ke tsallaken kogi. Daga can, mai son hawan dutse zai iya nufar wasu tsaunuka uku da ke bayan gari, sai dai shawarata ita ce a tafi cikin ayari, da ruwa isasshe, bayan an tambayi ’yan gari halin da hanya ke ciki.

Mai iyali da ba ya son nisa yana da gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, inda yara za su ga namun daji da ƙasusuwan dabbobin zamanin da, da kuma itaciyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a hamada har mota ta kayar da ita a 1973. Masu tattaki da gudu kuma sukan taru da yamma a harabar filin wasa na Seyni Kountché.

Wurin da ya fi ba ni takaici shi ne dajin dogon yaron da aka fara dasawa a 1965 domin ya kewaye birnin ya tare iska da ƙura. Da an kula da shi, babu inda zai kai shi daɗin keke a duk Yamai. Na shiga wani ɓangarensa ranar wata Lahadi, na tarar da gine-gine sun ci gefe guda, ledoji sun rataye a rassa, juji yana hayaƙi. A nan kwalba ta yanka mini taya, na turo keken har bakin hanya, inda mai faci ya tsoma tib ɗin a ruwa yana neman hudar, yana tambayata abin da ya kai ni cikin bola da sassafe.