Ƙarar da ba ta fitowa a gaban maza

Talata.

Yau ma maganar motar ce, ku yi haƙuri. Na tashi da niyyar rana ba za ta faɗi ba sai wani baligi ya ji ƙarar nan da motata take yi da kunnensa. Ummi ta sha jin ta, amma shaidar 'yar firamare ba ta karɓuwa a gidanmu, balle idan ta goyi bayan uwarta.

Wajen karin kumallo na sake tayar da zancen. Abban Ummi ko kai bai ɗaga daga wayarsa ba ya ce, “Ba kin ce sai kin kunna esi take yi ba? To ki daina kunnawa mana. Kin huta da ƙara, kin huta da shan mai.” Na yi dariya a lokacin, har na ƙara masa shayi.

Da safe lafiya lau, kamar kullum. Tun daga ƙofar gida na kunna esin don in tsokane ta, na ajiye yara, na bi ta Unguwar Rimi na wuce wurin aiki, ko tari ba ta yi ba. Sai bayan azahar da na nemi izini na fito, rana ta take, kwalta har turiri take yi. Ina tsayawa a danja a titin Ahmadu Bello, ƙafata a kan birki, sai ga ta: kwarrr, kwarrr, daga gaba ta ɓangaren fasinja, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa. Na kashe esi, shiru. Na kunna, na ji ɗan “ƙas” ɗin nan, sai ta dawo. Aka ba mu hannu, ina taka totur ta ɓace. Na yi ƙoƙarin naɗar ta a waya, da na saurara daga baya babu komai a ciki sai hon ɗin masu keke da muryar wani mai tallan fiya wata.

Na fara biyawa wurin yaron nan mai gyaran esi da Anti Larai take yabo. Na faka, na sa giya a P, ya buɗe bonet, ya ce in kunna. Na kunna. Injin sai wani lafiyayyen sauti yake yi, ka rantse jiya aka sauke ta daga jirgi. Ya tsaya kamar minti ɗaya yana kallo, ya ce, “Hajiya, kwamfireso ne ya fara tafiya. Akwai ɗan Beljiyam mai kyau a hannuna, yanzu sai in ɗora miki.” Na ce ka ji ƙarar? Ya ce ba sai ya ji ba, haka suke yi. Kuɗin da ya faɗa kaɗan ya rage ya cinye albashina na wata. Da ya ga fuskata sai ya sauko, wai ko a fara ƙara gas tukuna a gani. Na ce masa sanyi dai ban rasa ba, har ɗana Abba yana cewa a rage. Na yi masa godiya na ja motata.

Daga nan sai Tudun Wada, wurin Baba makanike. Waɗanda suka daɗe da ni sun san shi, shi ne ya riƙe fijon marigayi Alhajinmu har aka sayar da ita. Na same shi a kan bencinsa a gindin dalbejiya, yaransa suna ƙarƙashin wata bas. Muka gaisa, ya tambayi Hajiya da ƙafarta, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na miƙa masa makulli, ya ƙi karɓa. Ya ce in zauna tukuna.

“Malama, da safe take yi ko da rana?”

Na ce da rana, Baba, idan zafi ya yi zafi.

“Kina gudu ko kina tsaye?”

Ina tsaye. A danja ko a gosulo.

“Giyar tana ina a lokacin?”

Na yi jim, sannan na ce a D, ƙafata a birki.

“Ƙarar siririya ce mai shiga kunne, ko kwaramniya ce?”

Kwaramniya.

“Idan esi a kashe yake, ko sau ɗaya kin taɓa jin ta?”

Ban taɓa ba.

Ya gyaɗa kai ya ce to ai na gama rabin aikin. Sannan ya yi mini bayanin da tun da aka fara wannan abu babu wanda ya ga na cancanta. Kwamfireso, wato abin da ke matsa gas ɗin esi, ba ya aiki koyaushe. Fulin da ke bakinsa yana juyawa da fanbel muddin injin na aiki, amma cikinsa ba ya motsi sai an danna maɓallin esi, wuta ta shiga wani maganaɗisu, ya fizgo kuloci ya manne da fulin. “Ƙas” ɗin da nake ji kenan. A wannan daƙiƙa nauyi yake hawa kan fanbel gaba ɗaya, injin ya ɗan ƙara silo, wato juyin da yake yi idan ba a taka totur ba, don kada ya mutu, fankar lagireto ita ma ta tashi. Idan ciki ya yi sanyi kulocin ya saki, bayan ɗan lokaci ya sake kamawa. Shi ya sa ƙarar take zuwa tana tafiya. Kuma shi ya sa, in ji shi, cewa “sai an kunna esi” bai nuna kwamfireso kai tsaye ba, don abubuwa da yawa ne suke farkawa tare da shi. Duk wanda ya gaji a cikinsu, a lokacin zai yi kuka.

Maganar rana kuwa, ya ce idan iskar waje ta yi zafi, kwandensan da ke gaban lagireto ba ya iya sauke zafin gas da sauri, balle mota a tsaye babu iska mai bugowa, ga kuma ƙurar hunturun da ya wuce ta toshe masa ido. Matsin gas sai ya hau, kwamfireso ya ƙara nauyi. Da safe duk babu wannan. Da na faɗa masa an so a ƙara mini gas sai ya yi tsaki, ya tashi ya buɗe bonet ya nuna mini wata 'yar takarda da aka manna a ciki, wadda ban taɓa kula da ita ba. An rubuta R134a, da adadin giram ɗin da motar take ɗauka. Ya ce gas ba a ƙara shi da ka, sai da ma'auni, idan ya yi yawa matsi ne zai ƙaru, a je neman gyara a kashe kwamfireso mai lafiya.

Sai aka zo gwaji. Ya sa wani yaronsa ya danna katako a gaban tayoyi, ya ce in ja birkin hannu, in taka na ƙafa da ƙarfi, in sa D, in kunna esi har ƙarshe. Shi kuma ya tsaya a gefe, ya kori kowa daga gaban motar. Muka jira. Zufa tana karyo masa, ni ina ciki cikin sanyi ina jin kunya. Can sai ƙas, sai kwarrr.

Wallahi sai da na yi kabbara. Yaran da ke ƙarƙashin bas suka leƙo.

Baba bai ce komai ba. Ya karɓi ledar ruwa ya ɗiga kaɗan a kan fanbel, ƙarar ba ta canja ba. Ya ce da fanbel ne yake zamewa, da ƙarar siririya ce, kuma da ruwan ya kashe ta na ɗan lokaci. Ya ɗauko doguwar sukundireba, ya ɗora bakinta a jikin kwamfireso, ya kara kunnensa a ƙotar. Ya daɗe. Ya matsa jikin altaneta. Sannan ya ɗora a kan wani ɗan ƙarfe mai ƙaramin fuli, nan take ya ɗago ya ce in sa P in fito in gani. Yaronsa ya shiga ya maimaita abin da na yi. Ajasta ce, mai ɗaure fanbel. Akwai sifirin a cikinta da ke riƙe ɗaurin daidai, kuma da idona na ga hannunta yana karkarwa duk lokacin da kulocin ya kama. A P ba ta yi, don injin ba ya ɗauke da nauyin giya. Idan na taka totur kuma juyin ya daidaita, ta lafa.

Bai tsaya nan ba. Ya kashe mota, ya zare makulli, ya jijjiga fanka da hannu ya ji ba ta girgiɗi. Muka yi la'asar kafin injin ya huce, sannan aka cire fanbel. Ya juya fulin kwamfireso da yatsa, sumul. Ya juya na ajasta, sai wani gurr-gurr, boris ya bushe. Ya ce da boris ɗin fulin kwamfireso ne ya mutu, da ina jin sa ko esi a kashe, tunda shi ba ya hutawa. Da kuma cikinsa ne ya fara cin kansa, galibi sanyi zai ragu, kuma aikin ba ƙarami ba ne, don garin ƙarfe yana bin bututai sai an wanke su duka.

Na tambaye shi ko shi kenan, an gano. Ya ce, “An gano ɗaya. A canja ta mu ji. Idan ta sake yi sai mu duba injin sit, wato mazaunin injin, don na ga robar ɗaya ta fara tsagewa, ita ma idan ta saki jijjiga takan ƙaru a silo.” Ina son mutumin da ba ya rantsuwa a kan mota.

A hanyar gida ne abin ya juye mini. Ya kamata in yi murna, an tsallake kuɗin kwamfireso. Amma ina hawa gadar Kawo, don sai da na biya ɗauko saƙon Goggo, maganar safe ta dawo mini ta zauna a ƙirji. Ki daina kunnawa mana. Ban ce ba shi da hujja ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba, esi ya zama abin da mutum yake kunnawa yana satar kallon allurar mai. Mata nawa na sani da suka sauke gilashi suka haƙura, wasu ma suka jingine motar gaba ɗaya. Amma shi motarsa ta ofis ce, direba ne yake jin kukanta. Ni ce nake ɗauko yara ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, Abba da ƙurajen zafi har wuya. Kuma ko na daina kunnawa, ajastar nan tana nan tana mutuwa a hankali. Baba ya ce ranar da ta saki, fanbel zai iya zamewa ya fita, kuma a irin motata shi kaɗai ne yake juya altaneta da famfon ruwa. Batir ya daina caji, injin ya ɗau zafi, a duk inda abin ya same ni.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba kuɗin ba ne. Tambayoyin da Baba ya yi mini babu ko ɗaya mai wuya, duk amsoshin suna bakina tun farko. Kowa da na faɗa wa sai ya tsallake ni ya tafi wurin motar, motar ta yi shiru, sai a dawo a kalle ni da murmushin nan na a lallaɓa ta. Har na fara kashe rediyo ina kasa kunne ina tambayar kaina ko da gaske nake ji.

Gida. Babu wuta tun safe. Miyar kuka ta yi tsami, aka koma taliya da manja. Ummi ta ɓatar da robar ruwanta kuma.

Da dare na ba Abban Ummi labari daga farko har ƙarshe, har da sukundireba a kunne. Ya ce, “Ai dama na san ba wani babban abu ba ne.” Na kalle shi. Ya tambayi nawa ne ajastar, na ce sai an je Oriakpata, kasuwar kayan gyaran mota, an ji, don Baba ya ce kada a sayi ta farko da aka miƙo, yaronsa zai tafi da tsohuwar a gwada, kuma a haɗo da sabon fanbel tunda wannan ya fara tsattsagewa ta ciki. Ya ce zai tura kuɗin da safe. Na ce to.

Motar za ta wuni a gareji gobe, ke nan wani ne zai ɗauko yara ƙarfe biyu. Na riga na faɗa masa ko wane ne.