Ƙarfen da aka sa wa ƙanena a ƙwauri

Alhamdulillahi, jama'a, ƙanena ya fara taka ƙafarsa. Masu tambaya ta waya, Allah ya bar zumunci.

Babur ne ya kayar da shi a nan Garwa, ƙashin ƙwauri ya karye har ya huda fata. Kawu ya ce a tafi wurin mai ɗori, Inna na kuka tana cewa kada a bari a sa wa ɗanta ƙarfe. Ban raina masu ɗori ba, sun yi wa mutanenmu hidima tun kaka da kakanni. Amma karayar da ta fasa fata, in aka ɗaure ta da kara da tsumma, ƙashi na iya ruɓewa har ya kai ga yanke ƙafa.

Likita ya nuna mana hoton ƙashin. An fara wanke ciwon tas, aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sannan aka ɗan yanka kusa da gwiwa, aka zura doguwar sandar ƙarfe cikin ramin ɓargo, aka ɗaure ta da kusoshi sama da ƙasa don kada ƙashin ya juya ko ya gajarce. Ashe ba sabuwar dabara ba ce, wani likitan Jamus, Gerhard Küntscher, ya fara ta tun 1939.

Kuɗin dai ya girgiza mu, sai da dangi suka haɗa hannu. Gwiwar na masa ciwo in ya durƙusa, har yanzu a zaune yake salla. Likita ya hana shi taba sigari saboda tana jinkirta haɗewar ƙashi, ya ce sai an yi watanni kafin ƙashin ya haɗe. Ku sa shi a addu'a.