Yadda ɗalibaina suka raba Anatoliya a gindin darbejiya

Shekara shida ina koyar da tarihin duniya na bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma duk sanda muka iso rikicin Girka da Turkiyya na 1919 zuwa 1923 a kan Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke Asiya, sai aji ya mutu, daga mai hamma sai mai latsa waya. Da na gaji sai na ce to su zauna su yi sulhun da kansu, kowane rukuni ya hau kujerar wata ƙasa.

Karon farko abin ya watse, kuma laifina ne. Gida uku na raba su: Girkawa, Turkawa, sai manyan ƙasashe a dunƙule. Kowa ya ce shi Baturke ne, aka mayar da zancen na Musulmi da Kirista, manyan ƙasashe suka zama alƙalai. Cikin minti ashirin an gama.

Da na koma littattafai na ga inda na yi ɓatan kai. Birtaniya da Faransa da Italiya ba alƙalai ba ne, kishiyoyi ne a tsakar gida ɗaya. Tun 1917 aka yi wa Italiya alkawarin Izmir, birnin da ke gaɓar yammacin Anatoliya. Amma da Orlando, firaministanta, ya yi fushi ya fice daga taron Faris saboda garin Fiume, sai Lloyd George na Birtaniya da Clemenceau na Faransa da Wilson na Amurka suka ba Venizelos, firaministan Girka, izinin kai soja. Ranar 15 ga Mayu 1919 Girkawa suka sauka Izmir. Bayan kwana huɗu Mustafa Kemal, wanda ya jagoranci tirjiyar Turkawa, ya isa garin Samsun.

Da shekara ta zagayo na raba su gida shida, na ƙara Rasha, na ba kowa 'yar takarda ta sirri. Ta Birtaniya ta ce ku riƙe mashigin Dardanel da Mosul, amma Musulmin Indiya suna fushi a kan makomar halifa. Ta Faransa ta ce sojojinku sun gaji a Kilikiya, kudancin Anatoliya, Siriya ce damuwarku, kuma ku kuka fi kowa bin Daular Usmaniyya bashi. Ta Italiya layi ɗaya ce: kome zai faru, kada Girka ta ci riba. Na ɗora agogo a farkon 1921, bayan yarjejeniyar Sevres ta 10 ga Agusta 1920, mai rarraba Daular Usmaniyya, wadda gwamnatin Mustafa Kemal a Ankara ta ce ba ta san da ita ba. Na ba su mako guda, na ce ko a waje suna iya ganawa.

Wannan izinin shi ya gyara darasin. Kwana biyu ba a yi ba, yarinyar da ke jagorantar Faransa ta ja wakilan Ankara gindin darbejiyar bayan aji, suka ƙulla: Faransa ta janye soja, Ankara ta ƙyale Siriya. Jagoran Birtaniya ya same ni a ofis yana huci.

"Malam, wannan ai cin amana ne! Tare fa muka ci yaƙi."

Na buɗe masa littafi. Ranar 20 ga Oktoba 1921 Franklin-Bouillon, wakilin Faransa, ya sa hannu a kan kusan irin wannan a Ankara, Lord Curzon, ministan harkokin wajen Birtaniya, kuwa ya yi irin hucin da yaron yake yi. Yarinyar ba ta taɓa jin sunan mutumin ba. Takardarta kawai ta karanta ta yi lissafi. Rasha ma tun Maris na shekarar ta ƙulla da Ankara, tana tura zinariya da bindigogi.

'Yan Girka su suka fi ba ni tausayi. Da na sanar musu cewa biri ya ciji sarkinsu Alexander ya mutu a Oktoban 1920, aji ya fashe da dariya, har aka sa ni rantsuwa. Gaskiya ce kuwa. Venizelos ya faɗi zaɓe a Nuwamba, Sarki Constantine da ake zargi da son Jamus ya dawo, ƙawaye suka samu hujjar toshe rance. Ga rundunarsu can cikin Anatoliya, an tare ta a kogin Sakarya a 1921, gaba ta gagara, baya abin kunya. Jagoransu ya ce, "Malam, ashe ingiza mai kantu ruwa aka yi mana." Ban taɓa karanta taƙaitawar da ta fi wannan ba. Ni dai ina ɗora wa Lloyd George kaso mafi girma na laifin, don ya ci gaba da yi musu kirari alhali ba zai ba su ko harsashi ba.

Sauran muka bi da sauri: farmakin Turkawa na 26 ga Agusta 1922, shigar Turkawa Izmir a 9 ga Satumba, gobarar da ta cinye unguwannin Girkawa da Armeniyawa. A Canakkale, bakin mashigin Dardanel inda Turkawa suka tunkari sojojin Birtaniya, na zaci 'yan Birtaniya za su ce a yi yaƙi, sai suka waiga suka ga Faransa da Italiya sun kwashe sojojinsu, suka nemi sulhu. Haka aka yi a zahiri: Kanada ta ƙi tura soja, Janar Harington na Birtaniya ya ƙi miƙa wa Turkawa wa'adin da aka aiko masa, aka tsagaita wuta a Mudanya ranar 11 ga Oktoba, bayan kwana takwas Lloyd George ya sauka.

A zaman sulhu na Lozan yaron da ya hau kujerar Ismet Pasha, wakilin Ankara, ya gano cewa mutumin ba ya ji sosai. Duk sanda Curzon ɗinmu ya gama zuba, sai ya kama kunne ya maimaita buƙatarsa ta farko. Muka yi dariya, amma ya samu kusan duk abin da ya nema, ban da Mosul, kamar yadda aka sa hannu ranar 24 ga Yuli 1923.

Inda na sake tuntuɓe shi ne musayar jama'a ta 30 ga Janairu 1923. Kiristoci wajen miliyan 1.2 suka bar Turkiyya ko aka hana su komawa, Musulmi kusan 400,000 suka bar Girka. Da addini aka auna, ba da harshe ba, don haka Kiristan Kapadokiya da Turkanci kawai yake ji ya tsinci kansa a Girka, Musulmin Kirit mai jin Girkanci ya tsinci kansa a Anatoliya. Ɗalibaina sun amince da wannan cikin minti biyar, har da tafi, domin ya warware wa kowane rukuni matsalarsa. Sai wata da ba ta ce uffan ba duk makon ta ɗaga hannu daga baya.

"Malam, su mutanen da za a kwashe ɗin, wane rukuni ne nasu?"

Kujera shida na jera, babu tasu. Baɗi zan sa ta bakwai, ko da yake har yau ban rubuta kome a takardar sirrinsu ba.